Motar lantarki a Gombe: yadda za ka shirya caji, ka sayo ta, ka kuma riƙe ta

Jama'a assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tambayar motar lantarki ba ta daina shigowa ba, wannan ya ce ya ga BYD, motar lantarki ta kamfanin Caina, a Abuja ta burge shi, wancan ya ce ƙaninsa da ke Caina zai turo masa, wata Hajiya kuma ta ce ita dai kai yara makaranta da zuwa ofis ne duk tafiyarta amma kuɗin mai ya ishe ta. Toh maimakon a yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya ga shi nan na haɗa gaba ɗaya. Abin da nake roƙo shi ne a bi matakan yadda na jera su, don yawancin masu tambaya daga mota suke farawa, wace iri ce, nawa ce, alhali a garinmu wurin caji ake fara gyarawa kafin a je ga mota. Duk wanda ya juya wannan tsarin zai sha wahala da kuɗinsa.

1. Rubuta tafiyarka ta mako guda

Duk dare ka duba mitar motarka ta yanzu ka rubuta kilomita nawa ta ci a ranar. Mako guda ya isa, in ka yi biyu ya fi. Mutumin da ke zaune Tumfure yana aiki cikin gari, ya sauke yara, ya leƙa kasuwa, da yamma ya je gaisuwa Pantami ko Bolari, da wuya ya haura kilomita 40 zuwa 50 a yini, kuma wannan kam kowace motar lantarki za ta ɗauka ba tare da ta ji ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tafiyar waje. Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 155 ne, Yola wajen 250, Jos ta kusa 280, Abuja kuwa ta haura 500. Ka ƙirga sau nawa kake irin wannan tafiyar a wata. In motarka ɗaya ce tal kuma duk mako kana kan hanyar Jos ko Yola, shawarata ka duba masu haɗa batir da injin fetur waɗanda ake iya yi wa caji a gida, irin su Mitsubishi Outlander PHEV, Toyota RAV4 Prime ko BYD Song Plus DM-i, cikin gari su yi tafiya da batir, kan hanya injin ya karɓa.

Gargaɗi: wuraren cajin gaggawa na kuɗi yawancinsu a Legas da Abuja suke. Kar ka ɗora lissafinka a kan za ka samu a Alkaleri ko Kaltungo, sai wanda ka gani da idonka ka kuma jona mota ta karɓa.

2. Gwada wutar gidanka

Nan ne zan daɗe, don nan ne maganar take. Ka fara sanin layinku na JED, kamfanin da ke rarraba mana wuta, a wane rukuni yake. A ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, Band A awa 20 ne a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wannan na takarda ne, kai kuma sai ka ƙirga naka, musamman daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba tunda lokacin ne motar ke gida. In kana samun awa 4 zuwa 5 a jere yawancin darare, to cajin tafiyar cikin gari ya samu.

Bayan awa sai ƙarfin wutar. Ka kira mai wayarin da ya san aikinsa ya zo da mitar awo ya auna maka da misalin ƙarfe 8 na dare lokacin da kowa ya kunna kayansa, ba da hantsi ba. Wutarmu 230 ya kamata ta nuna. In kana ganin 170 ko 180, fanka na juyawa da ƙyar, to caja da yawa za su ƙi aiki ko su riƙa yankewa, kuma jawo wuta mai nauyi a irin wannan layin zai ƙara dusashe wutar maƙwabta. Maganin ko dai a canza maka layi, ko babbar sitabilaiza mai ɗaukar nauyin cajar, ko ka koma ga sola.

Sai mita. Dole ka kasance da mitar kati taka ta kanka, kuma ka je ofishin JED na unguwarku ka tambaya nauyin da aka ƙayyade mata, don akwai mitar da in ka haura iyakarta ɗauke wutar take yi gaba ɗaya. Wanda ke gidan haya ya nemi izinin mai gida tun yanzu, in mitar haɗaka ce da sauran masu haya to a raba kafin mota ta zo, in ba haka ba rigima ce za ta tashi tun a satin farko kuma su ke da gaskiya.

Gargaɗi: kar wani ya ce zai zagaye maka mita ya jawo wa caja waya daga baya. Satar wuta laifi ne a doka, sannan waya mara kariya da ke ɗauke da wannan nauyin na awa da awanni ita ce gobarar tsakar dare.

Sannan ka tambayi kanka, in wutar ta tafi gaba ɗaya fa? Ba mu manta da watan Afrilun 2024 ba da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe muka yi makonni a duhu, ga kuma na Oktoban shekarar da ya shafi kusan duk Arewa. Wanda ba shi da sola kuma ba shi da wata motar, a irin wannan lokacin motarsa ajiye take.

3. Zaɓi hanyar da za ka riƙa caji

Hanya ta farko ita ce ƙaramar cajar da ke zuwa da mota wadda ake jonawa a soket. Tana jan kamar amp 10, wato kilowat 2.3, kowace awa ta ƙara maka wajen kilomita 12. Mai tafiyar kilomita 45 a yini awa 4 ta ishe shi. Amma cika batir mai yunit 60, irin yunit ɗin da kake saya a mitar kati, daga kashi 20 zuwa 80 zai ci wajen awa 18.

Ta biyu cajar bango mai kilowat 7, tana jan amp 32. Wancan cajin na awa 18 ita a ƙasa da awa 6 za ta yi shi. A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya ita na fi so, don in an kawo ta awa 2 kawai ka tara kilomita 80. Kuɗinta a waje ɗaruruwan daloli ne, ban da waya da aikin sawa. Ka nemi wadda ake iya rage mata amp, 32 zuwa 16 zuwa 10, wannan zai yi maka amfani sosai ranar da wuta ba ƙarfi ko kake kan sola. Masu kilowat 11 da 22 sai gidan da ke da layi uku, kuma motoci da yawa ko ka saya ba za su ja fiye da 7 ba.

Ta uku sola, kuma Allah ya hore mana rana. Kilowat ɗaya na fanel a yankinmu yana ba da yunit 4 zuwa 4 da rabi a yini in an cire asara. Tafiyar kilomita 50 tana son wajen yunit 9, kaga fanel 4 masu wat 550 kenan na motar kaɗai, ƙari a kan waɗanda gida ke amfani da su. Inbata mai kVA 5 za ta ɗauki caja a kan amp 10 in ba a haɗa mata famfon rijiya da dutsen guga a lokaci guda ba. Da rana ake wannan cajin, tsakanin ƙarfe 10 zuwa 3, don haka mai fita aiki sai ya tara na Asabar da Lahadi, ko ya sa fanel ɗin a shago inda motar ke wuni. Lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙura a kai a kai don tana cin wutar sosai.

Gargaɗi: kar ka yi cajin mota da dare daga batirin solar gida. Batirin litiyom na gida da aka fi saye yunit 5 ne, na motar 60, cikin awa 2 za ta shanye shi ku kwana ba fanka kuma batirin ya mutu da wuri.

Ta huɗu janareta, ita kuma ta larura ce kawai. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar lita ɗaya ke ba da yunit 2, kilomita 100 za ta ci maka lita 9, daidai da motar fetur kenan, ribar ta tafi. Cajar kilowat 7 tana son inji mai kVA 10, sannan caja da yawa in ba su ji wayar ƙasa ba jar fitila kawai za su nuna su ƙi ba da wuta, sai mai wayarin ya haɗa wa injin nasa atin.

4. Yi lissafin kuɗin da kanka

Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, ga kuma kamar kashi 10 da ke ɓacewa wajen caji. Mu ce yunit 18 daga mita. A kuɗin Band A da aka tsayar a 2024, wajen naira 210 kowane yunit, kuɗin bai kai naira 4,000 ba kafin haraji. Corolla cikin gari da esi a kunne lita 9 zuwa 10 take sha a wannan tafiyar, ka ninka da kuɗin litar yau ka ga tazarar, in lita tana 900 misali ka doshi naira 9,000. Ga juyen baƙin mai, filogi, salansa, duk babu. Amma ka haɗa da ɗaya ɓangaren: kuɗin motar da ya fi na takwararta ta fetur, caja, wayarin, ƙarin fanel, kuɗin ɗauko ta, da ɗan abin da za ka ajiye saboda kayan gyara da sai an yi oda. In a wata ba ka wuce kilomita 500, gaskiya za ka daɗe ba ka fanshe ba.

5. Zaɓi motar: batir da bakin caji

Sai yanzu aka zo mota. Abu biyu za ka fi sa wa ido, sauran duk ado ne.

Na farko batir. Ka tambayi girmansa a yunit, kar ka tsaya ga kilomitar da ke jikin talla. Motocin kasuwar Caina da awon CLTC ake rubuta tafiyarsu kuma yana da zuzutawa, misali BYD Atto 3 mai batir 60, wadda a can ake kira Yuan Plus, a awonsu kilomita 510 ce, a awon Turai 420, kai kuma kan hanyar Bauchi da esi da iyali da kaya ka sa ran 300 da ɗoriya. Sannan ka tambayi irin batirin da yadda ake sanyaya shi. Nau'in LFP irin na BYD ya fi jure zafi da yawan caji. Hyundai Kona mai batir 64, irin wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas, da ruwa ake sanyaya nata. Nissan Leaf kuwa, wadda ta fi arha a cikin 'yan gwanjo, batirinta ba shi da sanyaya ta ruwa, kuma zafin Maris da Afrilu na nan da ke haura digiri 40 shi ne babban abin da ke kashe shi. Ni dai ba zan ba mutumin Gombe shawarar tsohuwar Leaf mai batir 24 ko 30 ba, ko da an karyar masa da kuɗin.

Na biyu bakin caji, don ba iri ɗaya ba ne. Motar Turai Type 2 da CCS2, ta Amurka Type 1 da CCS1, Tesla ta Amurka nata daban, ta kasuwar Caina GB/T, Leaf kuma CHAdeMO take amfani da shi a cajin gaggawa. GB/T da Type 2 in ka kalle su sai ka rantse ɗaya ne amma ba sa shiga juna sai da adafta. Ka sa dila ya buɗe murfin ya ɗauko maka hoton bakin kafin ka sayi caja.

Gargaɗi: wasu cajojin da ke zuwa da motocin Amurka na wutar 120 ne kaɗai. Ka karanta rubutun da ke bayanta, in ba ka ga 240 ba kar ka jona a soket ɗinmu, nan take za ta ƙone. Haka kuma motar Japan ko Ingila mai sitiyari a dama ba a yarda da ita a Najeriya ba, kar ka yarda a ce za a juya maka. Ta Caina kuma ka tabbatar allonta na komawa Turanci, wasu manhajar wayarsu ma sai da lambar can take aiki.

6. Duba ta kafin ka biya

Ko a Abuja ne ko Kano ko Legas, ka je da kanka ko ka tura wanda ka amince da shi, ku ware yini guda. In dila ya ce ba a gwaji, ka yi masa sallama.

Ka fara da lafiyar batir. Akwai ƴar na'urar OBD da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta nuna kashi nawa na ƙarfin batirin ya rage. A Leaf manhajar LeafSpy ake amfani da ita, kuma a allon motar akwai sanduna 12, ta farko tana faɗuwa ne in batir ya sauka wajen kashi 85. Duk abin da ya yi ƙasa da 80 ka bar musu kayansu, sabon batir dubban daloli ne, wani sa'in ya fi kuɗin motar.

Sai gwajin hanya, wanda ba ya ƙarya. Ka rubuta kashin caji da kilomita, ka kunna esi, ka yi tafiyar kilomita 50 a buɗaɗɗen titi, ka sake dubawa. In ta ci kashi 17 to cikakken cajinta wajen 300 ne, in ta ci 30 to 165 ne ko me allon ke faɗa.

Daga nan ku wuce wurin wankin mota mai rami, ka sauka da tocila ka kalli cikinta. Batirin shi ne wannan faffaɗan akwatin da ya shimfiɗe daga tayar gaba zuwa ta baya. Ƙarcewa sama-sama ba komai, amma in ka ga lotsawa mai zurfi, ko tsagewa, ko alamar walda, ko kusoshin gefe sun sha sifana har sun yi haske, an taɓa shi. Ka fito ka ɗaga kafet, ka tura kujera baya ka duba ƙarfen da take gudu a kai, tsatsa ko busasshen taɓo ko warin danshi alamar motar ambaliya ce, kuma irinsu da yawa ake sayarwa a gwanjon Amurka. Motar lantarkin da ta kwana a ruwa, musamman na gishiri, tana iya kamawa da wuta bayan watanni. Ka bincika lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin motar, a Carfax, shafin intanet da ke nuna tarihin motocin Amurka. In Kona ce ta 2018 zuwa 2020 ko Chevrolet Bolt, ka tabbatar an yi mata aikin batirin da kamfanonin suka kira a yi saboda haɗarin gobara.

Ƙarshe a jona ta a gabanka ka ga tana karɓar caji na aƙalla rabin awa, in akwai wurin cajin gaggawa a garin a gwada can ma. Ka ƙirga kayanta: caja, makulli biyu, adafta in akwai.

7. Takardu da kawo ta gida

Takardar kwastan ka tabbatar lambar VIN ɗin da ke ciki ta yi daidai da ta jikin mota harafi da harafi. In kai za ka yi oda, ka sani a 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki, don haka ka sa ejan ya rubuta maka abin da za a biya dalla-dalla. Lamba da takardar VIO kamar kowace mota ne. Inshorar dole ta naira 15,000 ba ta biyan komai a kan motarka, in za ka yi cikakkiya ka sa su rubuta cewa batir na ciki.

Kar ka ba direba ya tuƙo ta daga Legas ko Abuja. A ɗora ta a babbar mota da caji kamar kashi 50 zuwa 60, a ɗaure ta ta tayoyi.

8. Wayarin kafin ta iso

Tana hanya kai kuma kana aiki. Caja layinta daban ake ja mata tun daga akwatin rarraba wutar gida, ba a ɗora ta kan layin firji ko na ɗaki. Mai kilowat 7 tana son wayar tagulla zalla mai kaurin 6mm, in nisan ya yi yawa 10mm, da bireka mai amp 40, da na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba a jikin ƙarfe, da mai kare tsawa da hauhawar wuta. Ka je kasuwa tare da mai wayarin, a fere bakin wayar ka gani, don akwai alminiyon da aka shafa wa ruwan tagulla. Ko ƙaramar caja za ka yi amfani da ita a ja mata nata layin da soket mai kyau.

A kafa sandar atin mai zurfi kusa da wurin. Ƙasarmu yashi ce, da rani tana bushewa sai caja ta fara nuna ja alhali komai lafiya, shi ya sa masu aikin ke zuba gawayi da gishiri a ramin, kai kuma ka riƙa ba wurin ruwa. A yi rumfa, inuwar tana da amfani ga caja da batir duka.

Gargaɗi: ba a caji da ekstenshan, ko na minti 10 ne. A daren farko bayan rabin awa ka je ka taɓa kan fulogin da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba laifi, in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ka ji ƙaurin roba, ko ka ga gefen ramin soket ya fara yin ruwan ƙasa, ka kashe a canza shi tun kafin ka sake jonawa.

9. Cajin yau da kullum

Ka fara jona caja a bango, sannan a mota, ka jira ka ji ta kulle ka ga fitila. Wajen cirewa ka buɗe motar da makulli tukun, kar ka fizga. In batirinka ba LFP ba ne ka saita ya tsaya a kashi 80, ɗari sai ranar tafiya. In LFP ne ba laifi ka cika shi, har ma ana so a cika kamar sau ɗaya a mako don allon ya riƙa faɗin gaskiya. Kowanne ne kar ka saba barin shi ƙasa da 20, kuma a nan tunda ba ka san yaushe za a ɗauke ba, duk daren da ka ga wuta ka jona kawai. Ka dawo daga doguwar tafiya da tsakar rana ka bar ta ta huce a inuwa kafin caji. In za ka yi Umara ko wata tafiyar makonni ka bar ta a kashi 50 zuwa 60. Ruwan sama ba ya hana caji, amma in ana tsawa mai ƙarfi ka cire.

Don Allah a kula da yara. Motar nan ba ta da ƙara, yaro na wasa a bayanta ba zai ji an tayar ba, haka akuya ko kyanwa da ke kwance ƙarƙashi. Ka zagaya ta kafin ka shiga, cikin lungu kuma ka riƙa ɗan danna ham don 'yan acaɓa da masu tafiya a ƙasa da kunne suke jin mota.

10. Ranar da za ka Bauchi

Zuwa da dawowa kilomita 310 ne ban da yawon cikin gari, kaga mai batir 60 ma a bakin iyaka take. Ka fita da ɗari, ka riƙe gudu 90 zuwa 100 don daga 120 batirin zuba yake yi, ka tafi da ƙaramar cajarka, kuma tun kafin ka tashi ka yi magana da gidan da za ka sauka a duba maka soket mai kyau, ka biya musu kuɗin yunit ɗin. Ka tsara yadda za ka isa ko'ina da saura kashi 20 a hannu. In Jos za ka wuce ka tuna hawa ne daga Bauchi zuwa can, zuwa ya fi cin batir, a dawowa gangara takan mayar maka da kaɗan.

11. Kula da ita

Aikin ba yawa amma akwai shi. Tana da ƙaramin batir mai bolt 12 kamar kowace mota, in ya mutu ko babban na cike ba za ta tashi ba, kuma zafi na kashe shi da wuri, ka riƙa auna shi. Matatar iskar esi a canza bayan hunturu, man birki duk shekara 2, ruwan sanyaya batir kuma sai irin wanda littafin motar ya ce. Tayoyi sun fi saurin cinyewa saboda nauyi, kuma da yawa ba sa zuwa da safaya, ka saya ka ajiye da jak. Wurin mai faci ka tsaya a kansa ka nuna masa inda ake kafa jak, don in ya kafa a ƙarƙashin batir ya ɗaga, ɓarnar miliyoyi ce cikin daƙiƙa. Tudun rage gudu da gargada a bi su a hankali, da damina kuma in ruwa na gudu a kwari ka jira ya wuce. Masu wanki kar su harba ruwan matsi cikin bakin caji ko ƙarƙashin bonet. Ka sa maganin ɓera a garejin don suna cin waya.

Birki, taya, shokozoba, bakanikenka na kullum zai iya. Amma duk wayar da ka gani mai ruwan lemo wuta ce mai wajen bolt 400, tana kisa, ba ta mai gyaran wayarin mota na gefen titi ba ce, sai wanda ya koyi aikin motar lantarki da kayan kariyarsa, kuma lambar irin wannan mutumin tun wajen dila za ka karɓa kafin ka biya. In ta tsaya a hanya kar a ɗaura mata igiya a ja, juyawar tayar na tura wuta cikin na'urorinta ta ƙona su, a nemo motar da za a ɗora ta a kai gaba ɗaya. In kuma ka ga hayaƙi na fita daga ƙasanta, a fitar da kowa, a yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana a gaya musu tun a waya cewa motar lantarki ce, don wutar batir ruwa mai yawa take so kuma tana iya sake tashi bayan an kashe.